Ƙullin Kawu a Tafkin Lagdo

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Inna da ƙanenta da muke kira Kawu, ko shayi ba mu tsaya sha ba. 'Yan ajinmu da yawa sun tambaye ni abin da ya hana ni zuwa lise, makarantarmu ta sakandare, mako guda. Ba na iya dogon bayani da baki, kun sani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Yayata, wadda muke ce wa Adda, tana aure a wani tsibirin masunta da ke cikin tafkin Lagdo. Mijinta ɗan unguwarmu ne a nan Garwa, kifi yake saye ya yi banda ya kai Ngawundere. Ranar Juma'a da yamma wata maƙwabciyarta ta hau tudun da waya ke kamawa ta kira Inna. Ta ce Adda tana naƙuda tun ranar Alhamis, haihuwar fari ce, abin ya ƙi zuwa. Mijin yana hanya da kaya, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda zai ɗauki matar mutum ya tsallake ruwa da ita ba tare da wani nata ba. A shekarun nan ba a bin wannan hanya idan rana ta faɗi, sai muka jira gari ya waye. Ciwon ƙafa ya hana Baba tafiya, Kawu ya tsaya a madadinsa. Ni kuma an tafi da ni ne domin ni ce mai Faransanci, idan an je asibiti.

A tasha muka sami ƙaramar mota wadda ta rage mutum uku ta cika, kamar mu take jira. Direban ya ce kuɗin kujera ya ƙaru tun da man zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya ya yi tsada. Kawu dillalin shanu ne, ba ya sayen ko goro sai ya yi ciniki, amma ran nan ya miƙa abin da aka ce bai nemi ragi ba. A nan na san shi ma a tsorace yake. Muka haye gadar Binuwai rana ba ta fito ba. Kogin ya janye ya bar yashi fari a gefe biyu, mata har sun fara shanya wanki a kai. Mun bi babban titin Ngawundere, manyan motoci suna ta wuce mu zuwa arewa, kowace an ɗaure mata tamfol da igiya kamar gammo. An tsayar da mu sau biyu ana duba katin shaida. Na miƙa katin makaranta, jami'in ya dubi hoton ya dube ni, ya ce wadda ke cikin hoton ma kunya take ji. Mutanen mota suka yi dariya, ni na sunkuyar da kai.

Bayan mun karkata daga babban titi, gonakin auduga ne a share ana jiran ruwa, da itatuwan darbejiya, da ƙauyukan da rabin gidajensu ba rufi. Wata mata da ke kusa da ni ta ce mutanen sun tashi ne saboda masu satar mutane, sun koma bakin titi. Ta ba ni makala biyu, irin fanken nan namu, a takarda. Na ci ɗaya ina jin nauyin Inna, wadda tun jiya ruwa kawai ta sa a bakinta. Ƙullin kayanta na kan cinyarta: tsofaffin zannuwa, sabulu, reza sabuwa, da 'yar riga mai ruwan ɗorawa da ta saƙa.

Mun isa bakin tafki wajen ƙarfe takwas. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba, ga duwatsu manya zube a bakinsa kamar an sauke su daga mota. Wurin yana warin kifi da hayaƙi. Jiragen inji suna nan a jere, amma an ɗage injinansu sama an rufe da buhu. Masu su suka ce babu mai. Wanda ke da ɗan kaɗan ya riga ya tafi wani tsibiri tun da duhu, sai yamma zai dawo. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci da Hausa, har ya ce zai hau babur ya nemo man a gari, suka ce ko a garin sai an yi sa'a. Sai wani ya nuna mana wani tsoho a can gefe, zaune cikin kwalekwale yana naɗe igiya. Ya ce wannan ba ruwansa da mai, da iska yake tafiya.

Tsohon siriri ne, baƙi, da hula wadda rana ta cinye launinta. An ce daga tafkin Chadi ya taso lokacin da zama ya gagara a can, ya zo da jirginsa a kan mota, 'ya'yansa ba su biyo shi ba. Hannunsa na hagu yatsu uku ne. Ya saurari Kawu har ƙarshe bai daina naɗin da yake yi ba, sannan ya dubi sama ta gabas ya ce idan za a je a tafi yanzu, a dawo kafin azahar, domin hadari na haɗuwa da rana a wannan wata.

Jirgin nasa dogo ne, na katako, da bencina huɗu a gicciye. A benci na biyu an kafa doguwar gora a tsaye, ita ke ɗaukar zanen da iska ke turawa. Zanen buhunan taki ne aka farke aka ɗinke, har ana iya karanta rubutun jikinsu a juye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin zamansa a baya. Ko ɗakin amarya bai kai shi tsari ba. Igiya uku ce a jirgin, kowace da ƙusarta a jikin katako. Baƙa ita ke ɗaga zanen sama. Fara tana ɗaure da wani dutse da aka sa cikin tsohuwar koma, shi ake jefawa idan ana son tsayawa. Shuɗiya kuma ta taho daga kusurwar zanen zuwa hannunsa. Baƙar da farar a naɗe suke, zagaye a kan zagaye, duk ta hannun dama, bakin kowace a sama inda hannu zai same shi ko da ido a rufe. Babu ko ɗaya da ta taɓa ƙasan jirgi.

Kafin mu zauna ya ba mu doka, a gajarce. Kada a ɗora kaya a kan igiya. Kada a sa ƙafa cikin naɗi. Inna ta rataya jakarta a ƙusar farar igiya, ya cire ya miƙa mata da hannu biyu, da ladabi, ya ce wannan ƙusa tana da mai ita. Kawu ya yi ƙoƙarin wasa, ya ce, "Baba, mu ma fa da igiya muke cin abinci. Shekara talatin ina ɗaure bijimai." Tsohon ya ce ya sani, ya gani a tafin hannunsa.

Tafiyar zuwa ta yi sauƙi. Iska tana bayanmu, jirgin yana tafiya ba ƙara sai ruwa da ke lasar katako. Tsohon yana riƙe da filafili a hammata yana juya jirgin da shi, shuɗiyar igiya kuma tana hannunsa na dama. Na lura bai ɗaure ta ko sau ɗaya ba. Ya zagaya ta sau ɗaya a jikin benci ya riƙe bakin, idan iska ta ƙaru ya sassauta, idan ta ragu ya ja. Ragowar da ke bayan hannunsa yana tara ta a kan cinyarsa, ba ya barin ta zube. Yatsunsa ba su huta ba har muka isa. Mun wuce busassun itatuwa tsaye a cikin ruwa, na dajin da tafkin ya cinye tun kafin a haife ni, tsuntsaye farare a kansu. Daga nesa na ga kunnuwan dorina biyu. Kawu, wanda ke shiga tsakiyar garke da sanda ɗaya, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu yana ta salati, ya ce ko saniya ta fi mutum hankali, ita ba ta shiga abin da ba ta ga ƙasansa ba. Wannan ne kawai lokacin da na ga Inna ta yi murmushi a ranar. Awa ɗaya da rabi muka yi.

Tsibirin bukkoki ne na zana da leda, da tanderun banda a jere, ƙasa duk ɓawon kifi. Babu asibiti, babu makaranta. Mata suka tarye mu suka kai mu bukkar Adda. Da ƙyar na gane ta. Leɓunanta sun bushe sun tsage, idanunta sun faɗa, ta daina ma kuka. Da ta ga Inna sai ta ce, "Inna, kin zo," ta rufe ido. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a wurin ta ce ta yi iyakar abin da ta sani, ɗan ya zo a gicciye, amma da safen nan ta ji yana motsi. Inna ta maimaita maganar sau biyu, da safen nan yana motsi, kamar tana ajiye ta a wani wuri.

Ba mu zauna ba. Maza huɗu suka ɗauko Adda a kan tabarma suka shimfiɗa ta a tsakiyar jirgi. Matan tsibirin suka biyo mu da abin arziki, kwandon kifi, kwanon fura, tulun ruwa, suna ta turawa ciki duk inda suka ga sarari. Tsohon ya tsaya ya fitar da duk abin da ya hau kan igiya, ya mayar da kwandon bakin ruwa, ya sake naɗe baƙar igiya daga farko domin wani ya taka ta. Kawu ya ƙosa, ya ce mace na mutuwa ana lissafin igiya. Tsohon ya ci gaba da naɗinsa, bai yi sauri ba. Ni ma a raina na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Mun taso rana tana tsaka. Dawowa ta fi wuya, domin iska ta juya tana zuwa ta gefe, jirgin kuma ya yi nauyi, ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katako. Tsohon ya ba ni yankakkiyar jarka ya ce in riƙa kwashewa. Inna tana zaune a ƙasa ta ɗora kan Adda a cinyarta. Da muka yi kamar rabin awa, raƙuman ruwa suka fara girma, tsohon yana bukatar hannu biyu a kan filafili. Sai ya miƙa wa Kawu, wanda ke zaune a bencin da ke gabansa, shuɗiyar igiya.

"Alhaji, riƙe da hannu. Kada ka ɗaure. In na ce saki, ka sake ta gaba ɗaya."

Kawu ya ce to. Ya riƙe da kyau, ya fi minti ashirin. Amma rana tana dukan fuskar Adda kai tsaye, zanen jirgin ba ya yi mata inuwa, ta fara wani irin numfashi da baki a buɗe. Inna ta kare ta da mayafi, iska tana fizge shi. Kawu ya dube su, ya dube su, sannan ya cire babbar rigarsa da hannu ɗaya. Yana son ya shimfiɗa ta a sama da su kamar rumfa, hakan kuwa sai da hannu biyu. Na ga ya zagaya igiyar a jikin benci, ya yi mata ƙulli cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya duba ba. Na san ƙullin. Shi yake yi wa bijimi a ƙaho idan za a loda shi a mota, irin wanda duk jan da dabba ta yi ƙara matsewa yake. Ragowar igiyar ya sake ta ta zube a cikin ruwan da nake kwashewa, ta nannaɗe a ƙafar benci da hannun tulu.

Tsohon bai gani ba. Jikin Kawu ya kare masa, kuma rabin hankalinsa yana gabas inda sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Inna ba ta gani ba, idonta na kan Adda. Ni kaɗai na gani. Na tuna abin da tsohon ya ce, kalma da kalma. Na buɗe baki. Amma a gidanmu ko Baba ba ya gyara wa Kawu magana a gaban mutane, balle ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kuma abin alheri yake yi, ga inuwa ta sauka a fuskar Adda, numfashinta ya ɗan daidaita. Na ce a raina bari ya gama gyara rigar, zai kwance da kansa. Na ce bari in kwashe jarka biyar, in bai kwance ba zan faɗa wa Inna a kunne. Na kwashe biyar. Na ƙara biyar.

Iskar ba ta yi sallama ba. Na ga fuskar ruwa ta yi duhu daga nesa tana tahowa da gudu, sanyi ya taɓa wuyana, sai tsohon ya ce, "Saki." Kawu ya jefar da rigar ya kai hannu. Igiyar ta jiƙe, iska ta riga ta cika zanen, ƙullin ya matse ya zama kamar dutse. Tsohon ya sake cewa a saki, wannan karon da ƙarfi. Jirgin ya kwanta a gefe ɗaya. Ruwa ya shigo ta kan katako, ba tsattsafe ba, kamar an karkata baho. Adda ta zame daga tabarma, Inna ta rungume ta ta dafe benci da ƙafa. Na ga kwanon fura yana iyo a kusa da gwiwata. Kawu yana ta fama da farce da haƙori. Da ya tuna da wuƙarsa ya zaro, kafin ya kai ta ga igiyar sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Gorar ce ta karye daga gindi. Zanen ya faɗa ruwa da ita, jirgin ya dawo ya miƙe yana rawa, ruwa har ƙwaurinmu.

Abin da tsohon ya yi bayan haka cikin 'yan daƙiƙu ne. Zanen da ya faɗa yana jan jirgin yana juya shi gefe ga raƙuman ruwa. Ya kai hannu ƙusar baƙar igiya bai duba ba, ya sake ta, ta warware sumul ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba. Ya karɓi wuƙar Kawu ya yanke shuɗiyar. Zanen ya tafi. Ya ɗauki dutsen ya jefa ta gaba, farar igiya ta bi shi zagaye bayan zagaye, jirgin ya juya ya fuskanci iska. Da an bar kwandon kifi a kan waɗannan biyun, da ban san wa zai rubuta wannan ba.

Dutsen bai kama ƙasa sosai ba, wurin da zurfi. Iska ta yi ta jan mu a hankali zuwa yamma, nesa da inda za mu, har muka shiga cikin busassun itatuwan nan. Tsohon ya kama ɗaya ya ɗaure jirgin a jiki. A nan ruwan sama ya same mu. Ni da jarka, Kawu da kwanon fura, muna kwashewa sama tana mayarwa. Inna ta lulluɓe Adda da duk zannuwan da ta kawo domin jariri, ta kwanta a kanta. Sau ɗaya kawai Adda ta ce tana jin sanyi, ta tambaya ko mun kusa. Inna ta ce mun kusa.

Da ruwan ya tsagaita la'asar ta yi. Babu zane, filafili ɗaya ne a jirgin. Tsohon ya ɓalle katakon benci na gaba ya ba Kawu ya riƙa tuƙi da shi. Kawu bai iya ba, jirgin yana ta karkata, tsohon yana gyarawa. Tafin hannun Kawu ya fashe, na ga jini a jikin katakon, bai tsaya ba. Ni ina kwasar ruwa ina kallon duwatsun bakin tafki da suka ƙi matsowa. Tafiyar da ya kamata ta ƙare kafin azahar ta wuce, sai da rana ta yi ja muka taɓa ƙasa.

Mutane suka taru. Aka samo wata mota mai buɗaɗɗen baya aka ɗauki Adda. Wani daga cikin masu jiragen inji ya ce ai dama wa zai sa mai naƙuda a jirgin buhu, wasu suka goyi bayansa, suna cewa tsohon ya tsufa, gorarsa ma ta ruɓe. Kawu yana jin su, kansa a ƙasa. Na koma jirgin ɗauko jakar Inna. Na sami tsohon a durƙushe a gaban bencin, yana ƙoƙarin kwance guntun shuɗiyar igiya da yatsunsa, ta ƙi. Kawu ya biyo ni ya tsaya a bakin ruwa. Tsohon ya ɗaga kai ya ce masa, "Ƙulli ne mai kyau, Alhaji. Na bijimi ne." Ba da faɗa ya faɗa ba. Kawu ya juya ya tafi wajen mota.

Ina ɗaukar jakar tsohon ya ce, "'Yata, ke kina fuskantarsa." Na ce e. Ya ce, "Kin gani ke nan." Na ce na gani. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da yake yi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A asibitin garin aka karɓe mu da sauri, na yi bayanin da aka kawo ni in yi. Aka shiga da ita. Washegari da safe aka ce mana Adda ta tsira, amma ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne. Kawu da wasu mutanen gari suka kai shi makwanci kafin hantsi, a cikin farin ƙyallen da aka saya a kasuwa, domin zannuwan Inna duk a jiƙe suke. Da na sami ungozomar asibitin ita kaɗai tana wanke hannu, na tambaye ta da Faransanci, don kada Inna ta ji, ko da mun iso da azahar da an same shi da rai. Ta dube ni ta ce ba za ta iya sani ba. Ta ce mai yiwuwa tun da safe ya tafi, mai yiwuwa kuma da yamma, naƙudar kwana biyu ba wasa ba ce. Ta ce in gode wa Allah da yayata. Na so ta ce e ko a'a, ko wanne ne.

Kwana huɗu muka yi a can. Mijin Adda ya iso rana ta biyu, ya zauna a ƙofar ɗakin ya ƙi cin abinci. Ni aikina sayo kunu da safe, da ruwan zafi wajen mai shayi, da karanta takardar magani. Kawu ya ɓace rana ta uku tun da hantsi, sai yamma ya dawo. Daga baya na ji a bakin mai shayi cewa an ga wani Alhaji da hannu a naɗe da bandeji yana yawo a kasuwa yana neman doguwar gora da buhunan taki, ya kai bakin tafki da kansa a ka. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma ban nuna na ji ba.

Ranar Laraba muka dawo Garwa da Adda, a kwance a kujerar baya. An yi ruwa a kwanakin, gonakin da muka wuce a bushe duk sun yi duhu, mutane sun fito da shanun huɗa. Gida ya cika da 'yan sannu. Duk wanda ya tambaya, amsar ɗaya ce: hadari ne ya same su a ruwa, Allah ya taƙaita. Haka ne kuma, ba ƙarya aka yi ba. Kawu yakan zo kullum da yamma da nama a takarda domin Adda, ya miƙa daga zaure, ba ya shigowa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi cewa a cikin jirgi kowace igiya da wurinta, kuma wanda ya tsaya naɗe ta lokacin da kowa ke sauri ba ɓata lokaci yake yi ba. Na koyi cewa akwai igiyar da ba a ɗaurewa, sai dai a riƙe ta har hannu ya gaji, kuma gwanintar mutum a sana'arsa tana iya zama ita ce kuskurensa a ta wani. Sauran kuma game da ni ne. Kullum ana yabona a gida da makaranta cewa ba ni da surutu, ni ma ina jin daɗin yabon. Jarka goma na kwashe da magana a bakina.

Jiya da rana, muna tsince shinkafa ni da Inna a bakin madafa, Adda tana barci, na faɗa mata duka. Na ce na ga lokacin da Kawu ya ɗaure igiyar, na san an hana, na yi shiru. Na ce da na yi magana wataƙila da mun iso da wuri. Inna ba ta ɗaga kai daga faranti ba. Ta ci gaba da tura tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

Sannan ta ce, "Da kin faɗa mini a kunne a lokacin, da cewa zan yi ki rufe bakinki, Kawunki ne." Ta miƙo mini farantin ta ce in ƙarasa, ta tashi ta shiga ɗaki.